Wasan Da Ba Ya Ƙarewa: Shin Gem Ɗin Intanet Jaraba Ne?

Idan kana zaune a kan benci kana jiran a kira lambar katinka, ɗaga kai ka dubi na kusa da kai. Da wuya ka rasa matashi ɗaya ko biyu da suka kwantar da wayar salula a tafin hannu, manyan yatsunsu suna ta rawa a kan gilashi. Wani ma majinyaci ya rako, amma sai an kira shi sau uku kafin ya ɗago. Iyaye kan tare likita da wannan magana, galibi a bakin ƙofa bayan an gama duba su a kan wani ciwo daban: "Likita, yaron nan ba ya barci, kullum yana kan gem. Wannan ciwo ne, ko kuwa rashin ji ne kawai?" Ita ce tambayar da za mu duba a wannan fitowa, musamman game da wani nau'in wasa da aka fi kuka da shi a duniya.

Wane irin wasa ake nufi?

Ba duk wasan kwamfuta ne iri ɗaya ba. Wasan ƙwallo a gidan gem minti goma ne, a ci ko a sha kashi, a tashi a ba wani wuri. Wanda muke magana a kansa daban yake. Mutum zai shiga ta intanet ya ƙirƙiri wani jarumi, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa kama da sana'a, ko mayaƙi, ko maharbi, ko mai magani. Daga nan sai ya faɗa wata duniya ta ƙage mai garuruwa da dazuzzuka da kasuwanni, inda dubban mutane na gaske daga ƙasashe daban-daban suke ciki a lokaci guda, kowa sanye da rigar jaruminsa. Turawa suna taƙaita sunan irin wannan wasa da haruffan MMORPG.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya tashi a karkara ya san kalankuwa, inda samari kan naɗa junansu sarki da alƙali a yi ta mulkin wasa, kowa kuma ya san yaron da kan liƙa gemun auduga a lokacin tashe ya zama tsoho. Sai dai kalankuwa tana da ranar watsewa, ɗan tashe kuma dare na yi zai cire gemu ya kwanta. Shi wannan wasa ba a gina shi da ƙarshe ba. Ko ka kashe wayarka, duniyar tana nan tana tafiya, abokan wasanka suna ci gaba ba tare da kai ba.

Asalinsa ya faro ne a 1978, lokacin da wasu ɗalibai a Jami'ar Essex da ke Ingila suka soma wani wasa mai suna MUD, wanda rubutu ne zalla babu hoto. Daga baya aka samu Ultima Online a 1997, da Lineage a Koriya ta Kudu a 1998, da EverQuest a 1999. Tun a wancan lokaci masu yin EverQuest da kansu suka yi masa laƙabi da sunan wata muguwar hodar iblis, saboda yadda yake riƙe su. A 2004 aka fito da World of Warcraft, wanda a 2010 masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12. Wani mai bincike, Nick Yee, ya tambayi kimanin mutum 30,000 masu irin waɗannan wasanni a farkon shekarun 2000, ya tarar matsakaicinsu yana cin sa'o'i 22 a mako a kan wasa, kuma matsakaicin shekarunsu wajen 26 ne. Ka ga ke nan ba lamarin yara kaɗai ba ne. Yanzu abin ya sauko cikin waya, kuma dabarun da za mu ambata a ƙasa sun yaɗu zuwa wasannin harbe-harbe irin su PUBG da Free Fire, waɗanda samarinmu suka fi sani.

Me ke ɗaure mutum a kai?

Na farko shi ne hawa mataki. Jaruminka yana farawa ba shi da komai, amma cikin mintuna kaɗan sai a ce ya hau mataki na biyu, a ba shi sabon takobi, a buga masa wani sauti mai daɗi. Na uku ma yana zuwa da wuri. A hankali tazarar ke ƙaruwa, har a kai inda mataki ɗaya zai ci maka kwanaki. Kafin nan ka riga ka zuba lokaci mai yawa, barin abin ya zama kamar mutum ya gina ɗaki har linta sannan ya juya masa baya.

Na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma masana halayya sun san shi tun kafin a san kwamfutar gida. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya yi gwaji da tantabaru. Ya sa tantabara a akwati mai wani maɓalli, in ta tsattsage shi sai ƙwayar hatsi ta faɗo. Ya lura cewa idan hatsin yana faɗowa a kowane tsattsaga, ranar da aka daina ba ta ba ta daɗewa sai ta haƙura. Amma idan ba ta san lokacin da zai faɗo ba, wani lokaci bayan uku, wani lokaci bayan hamsin, to sai ta yi ta tsattsaga ba ji ba gani, ko an daina ba ta sai ta jima tana yi. A kan wannan ka'ida aka gina caca. A kanta kuma aka gina ganimar wasan: ka kashe dodo ba ka samu komai ba, ka sake kashewa ba ka samu ba, amma ka san wani ya samu sulken da kake nema a wurin dodon nan. Shi ya sa "bari in gwada sau ɗaya kawai" take kai mutum har kiran assalatu.

Na uku shi ne mutane, kuma a ganinmu shi iyaye suka fi kasa fahimta. A irin wannan wasa akwai manyan dodanni da mutum ɗaya ba ya iya kayar da su. Sai an haɗa ƙungiya, a farkon World of Warcraft har mutum 40, kowa da aikinsa, a sa rana da lokaci. Tamkar gayya ce. Idan kai ne mai maganin ƙungiyar ka ƙi zuwa, aikin mutum 39 ya lalace, gobe kuma za su tambaye ka dalili. Don haka idan uwa ta ce wa ɗanta ya kashe wayar nan yanzu-yanzu, ita wasa take gani, shi kuwa gani yake an ce ya ajiye fartanya a tsakiyar gayya ya tafi. Wannan bai ba shi gaskiya ba, amma ya bayyana fushin da kan taso. Ga kuma bambancin lokaci. Idan abokan wasansa a birnin New York suke, suka sa ƙarfe 8 na dare, to a nan ƙarfe 1 ne ko 2 na dare. Ƙari a kan haka, data ta dare ta fi araha, layin intanet ma ya fi sauƙi a lokacin.

Sannan akwai ladar kullum, wadda ake ba wanda ya leƙo kowace rana, in ya tsallake rana ɗaya ya yi asara. Akwai kuma akwatin sa'a, inda mutum ke biyan kuɗi na gaske a buɗe masa akwati bai san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati da ake saye da kuɗi caca ne. Duk mahaifin da ya haɗa katin bankinsa da wayar da yaro ke wasa da ita, to ya binciki saƙonnin cire kuɗi.

Za ka ji ana cewa wasa yana yi wa ƙwaƙwalwa abin da ƙwaya ke yi mata. Tushen maganar wani bincike ne da aka yi a Landan a 1998, inda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu maza takwas suna wasan tuƙa tankar yaƙi, aka ga wani sinadari mai suna dofamin yana ƙaruwa a sashen da ke kula da lada da sha'awa. Gaskiya ne wannan sinadari yana da hannu a shaye-shaye. Amma abinci mai daɗi ma yana motsa shi, haka kiɗa, haka cin nasara a kowane abu. Don haka a yi hattara da masu cewa gem da hodar iblis duk ɗaya ne. Gem ba ya zuba wani abu a jini. Abin da yake yi shi ne horar da hali, sannu a hankali, har sabo ya zama turke.

To, ciwo ne?

Zai iya zama ciwo ga wasu. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka shi a littafinta a matsayin lamarin da ke buƙatar ƙarin bincike, ba ta kai ga kiransa cuta kai tsaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙara taku ɗaya. Ta saka jarabar wasan gem a bugu na 11 na kundin cututtuka na duniya, kusa da jarabar caca. Babban taron hukumar ya amince da kundin a watan Mayun 2019, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022.

Abubuwa uku hukumar ta ce a duba. Mutum ya kasa mallakar kansa a kan wasan, wato yaushe zai fara, yaushe zai tsaya, sa'a nawa zai yi, duk sun fita daga hannunsa. Wasan ya hau kan sauran al'amuransa, har karatu da sana'a da zumunci da abubuwan da a da yake jin daɗinsu suka koma baya. Sannan ya ci gaba da yi, ko ma ya ƙara, alhali yana ganin ɓarnar da ido. Bayan waɗannan sai an ga illa ta zahiri a rayuwarsa, kamar faɗuwa jarabawa, ko rasa aiki, ko taɓarɓarewar aure. Galibi kuma sai abin ya kai wata 12 kafin likita ya kira shi cuta, sai fa idan alamomin sun yi tsanani ƙwarai.

Ka lura, ba a ambaci adadin sa'o'i ba. Ɗalibin da ya gama jarabawa ya kwashe hutun mako biyu yana wasa, makaranta na buɗewa ya ajiye ya koma aji, wannan ba mara lafiya ba ne. Amma tela da yake sa'a uku kacal a dare, sai dai ya sha rantsuwa zai bari ya kasa, ɗinkin sallah na mutane yana jibge, yana yi wa matarsa ƙarya a kan inda kuɗin cefane ya tafi, wannan ya fi kusa da abin da ake nufi. Likitoci kan kuma tambayi yadda mutum yake idan babu wasan. Shin yakan ƙuntata, ya riƙa faɗa, ya kasa zama wuri ɗaya? Shin don nishaɗi yake shiga, ko don ya guje wa wani abu da ke cin ransa?

Mutum nawa ne abin kan kai su haka? 'Yan kaɗan ne. Wani bincike da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford ya jagoranta, wanda aka buga a 2017 a kan mutum kusan 19,000, ya nuna waɗanda za su iya cika sharuɗɗan cutar ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Wani nazari na 2021 da ya haɗa bincike 53 daga ƙasashe daban-daban ya samu kimanin kashi 3 cikin 100, da aka tace aka bar masu ingancin samfuri sai ya sauko zuwa kusan kashi 2. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Ya kamata kuma ka sani ba duk masana ne suka yarda da matakin hukumar ba. A 2017 wasu masu bincike fiye da 20 sun rubuta takarda suna cewa an yi gaggawa, suna tsoron za a liƙa wa miliyoyin yara masu lafiya sunan cuta. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, sau da yawa yawan wasan alama ce ta wani ciwo da ke ƙarƙashi, kamar ciwon damuwa, ko fargabar shiga mutane, ko lalurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali. Wannan hujja tana da nauyi. Amma matashin da ya bar jami'a a aji uku saboda wasa ba zai jira masana su gama gardama ba, taimako yake buƙata.

Illar da yake yi wa jiki

Barci ne ke fara tafiya. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a dare. Wanda ya kwanta ƙarfe 3 ya tashi ƙarfe 6 zai je aji da jiki kawai, abin da aka koya masa ba zai zauna ba, ga saurin fushi, ga ciwon kai. Idan kuma direba ne, ko mai aiki da injin niƙa ko zarto, to rashin barcin nan ba shi kaɗai zai cutar ba. Ido yakan bushe ya yi yaji, domin mai kallon gilashi yana rage ƙiftawa. Wuya da baya da wuyan hannu da babban yatsa duk sukan ɗauki ciwo. Abinci ya koma abin da hannu ɗaya zai iya ɗauka, ga lemon ƙara kuzari mai yawan sinadarin kafin da ake sha don kore barci, wanda ke sa bugun zuciya da rawar hannu.

Akwai wata illa da ba a cika samu ba, amma tana kisa. Idan mutum ya daɗe a zaune ƙafa a lanƙwashe, ba ya motsi, ba ya shan ruwa, jini kan iya daskarewa a jijiyar cikin ƙafa, kamar yadda yakan faru ga mai doguwar tafiya a jirgi ko majinyacin da ya jima a kwance. Alamarsa ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, bayan ƙwauri ya riƙa ciwo. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, sai numfashi ya sarƙe nan take, ƙirji ya riƙa suka, wani har tarin jini. Wanda ya ga haka kada ya murza ƙafar, kada ya jira gari ya waye, a kawo shi sashen gaggawa.

Kai da kake karɓar magani a wannan asibiti, wannan sashe naka ne musamman. Mai farfaɗiya ya sani rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, wasu kaɗan kuma walƙiyar haske a gilashi ma tana tayar musu. Mai sikila da ya shagala bai sha ruwa ba yana kiran ciwon ƙashi da kansa. Mai ciwon sukari da ya yi allurarsa ya ce bari ya gama wannan yaƙi kafin ya ci abinci, sukarinsa zai iya faɗuwa ya suma. Haka duk mai shan magani a kan ƙa'idar lokaci.

Labaran da suka fi tayar da hankali daga Koriya ta Kudu suka fito, inda gidajen wasan intanet ke buɗe dare da rana. A 2005 wani mai shekara 28 ya faɗi a birnin Daegu bayan wasan kusan sa'a 50, ya rasu, ko da yake nasa wasan na dabarun yaƙi ne. A 2009 kuma jaririya 'yar wata uku ta mutu da yunwa a birnin Suwon, yayin da iyayenta, waɗanda ba su da aikin yi, suke kwana a gidan intanet suna rainon wata yarinya ta ƙage a wasan Prius Online. Irin waɗannan ba su da yawa, shi ya sa ma suka zama labari. Ɓarnar da aka fi gani ba ta shiga jarida: shekarar karatu da ta salwanta, shago da ya mutu, amarya da ke kwana tana kallon bayan miji.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. A ƙasar Norwe an yi wani matashi mai ciwon shanyewar tsoka na gado, wanda ya rayu a keken guragu ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Iyayensa suna baƙin cikin cewa ɗansu ya tafi bai yi abokai ba, kullum yana ɗaki a gaban kwamfuta. Bayan sun sanar da rasuwarsa sai saƙonni suka yi ta shigowa daga ƙasashen Turai, daga mutanen da suka san shi shekara da shekaru a World of Warcraft da sunan Ibelin, wasu suna ba da labarin yadda shawararsa ta gyara musu zama da iyalinsu. Wasunsu har birnin Oslo suka je jana'izarsa. An yi fim a kan rayuwarsa a 2024. Ga wanda ciwo ya tsare a gado, ko mai jin nauyin shiga mutane, wannan duniya ta ƙage takan zama dandali na gaske.

Ƙasashen da suka gwada doka

A 2011 Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu, wasan ma ya koma waya inda dokar ba ta kai ba, ƙarin barcin da aka samu kuwa bai taka kara ya karya ba. A 2021 gwamnati ta yanke shawarar soke dokar, ta bar wa iyaye zaɓin lokaci. Ƙasar Sin ta bi ta wata hanya. A watan Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A can ne kuma aka taɓa buɗe sansanonin horo inda ake azabtar da yara da sunan magani, har sai da ma'aikatar lafiya ta hana jona musu wutar lantarki a 2009. Wannan ya kamata ya tuna mana da gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Katsina a 2019, inda aka tarar da ɗaruruwan mutane, wasu a cikin sarƙa. Ingila kuwa asibiti ta buɗe, a Landan a 2019, inda ake duba masu wannan lalura tare da iyalansu.

Idan abin ya shafe ka, ko ya shafi ɗanka

Fara da takarda da biro. Mako guda, ka rubuta lokacin da ka fara wasa da lokacin da ka tashi, da abin da ya kamata ka yi a lokacin amma ba ka yi ba, da kuɗin da ka kashe a data da cikin wasan. Yawancin wayoyi ma suna nuna sa'o'in da kowace manhaja ta ci. Mutane da yawa sukan razana idan suka haɗa lissafin. Daga nan ka gwada kwana uku ba wasa, ka ga yadda ranka zai kasance. Idan ka ji kewa kawai, to da sauƙi. Idan ka kasa kai kwana ɗaya, ka samu amsar da kake nema.

Ragewa ta fi yiwuwa idan aka gyara wuri, ba a dogara da ƙarfin zuciya kaɗai ba. Waya ta kwana a wani ɗaki. A kashe sanarwar wasan. A cire katin banki daga ciki. Ka gaya wa 'yan ƙungiyarka ranakun da za su same ka da waɗanda ba za su same ka ba, in sun ƙi yarda ka bar ƙungiyar, domin sau da yawa ita ce igiyar. Wasu kan ga ya fi musu sauƙi su koma wasan da ke ƙarewa cikin minti goma. Lokacin da kake wasa, ka tashi ka taka ƙafa duk sa'a, ka sha ruwa, kuma duk minti 20 ka ɗauke ido ka dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Sa'o'in da ka ƙwato kuma sai ka cika su da wani abu, ko ƙwallo, ko koyon sana'a, ko zaman majalisa, in ba haka ba zaman banza zai mayar da kai.

Ku iyaye, fasa waya da duka ba sa warkar da wannan abu. Yaro zai ari ta abokinsa, ya kuma koyi ɓoyewa, ku rasa hanyar sanin halin da yake ciki. Uwa, ki zauna kusa da shi wata rana ki ce ya nuna miki jarumin nasa, ki tambaye shi su waye abokan wasansa, shekarunsu nawa, me suke hira a kai. A nan za ki gane ko akwai babban mutum da ke neman hotonsa ko lambar wayarsa, wanda shi ma haɗari ne mai zaman kansa. Ku yi yarjejeniyar lokaci tare da shi tun kafin ya fara, a riƙa yi masa tuni saura minti 15, maimakon a fizge a tsakiyar wasa. Uban da ke cin tuwo yana latsa waya kuwa zai sha wuyar kafa wannan doka. Sannan ku tambayi kanku me ya kore shi daga waje. Ana zaluntarsa a makaranta ne? Ya faɗi jarabawar shiga jami'a yana jin kunyar fita? Ya gama karatu shekara uku babu aiki?

Lokacin zuwa asibiti ya yi idan an gwada ragewa an kasa, ko ya daina zuwa makaranta ko wurin aiki, ko ya fara sata don sayen data, ko yana ɗaga hannu ga na gida idan an hana shi, ko ya daina wanka da cin abinci tare da mutane. Idan kuwa ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ko ya ambaci kashe kansa, ko da cikin raha ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi a ranar.

A sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba ɗaure kowa ake yi ba, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Likita zai tattauna da shi, wani ɓangare shi kaɗai, wani tare da iyaye ko mata, ya binciki damuwa da fargaba da rashin natsuwa da shaye-shaye da caca. Babu wata ƙwaya da aka amince da ita don jarabar gem ita kanta. Idan an ba da magani, to na ciwon da ke tare da ita ne. Babban maganin zama ne da masanin halayya, mako-mako, ana koya wa mutum gane abin da ke tunzura shi zuwa wasan, da abin da zai yi a madadinsa, ana kuma gyara lokacin barci. Yakan ɗauki makonni ko watanni, kuma komawa ruwa sau ɗaya ko biyu ba ya nufin an gaza. Ranar da za ku zo, ku riƙo takardar lissafin mako gudan nan, da duk magungunan da yake sha, da ita wayar.